Da Wace Hujja Ake Tsai Da Gini?

Babu wani gini, komi ƙanƙantarsa, da yake tashi ba tare da an yanke ɗaruruwan shawarwari a kansa ba. Zurfin harsashi shawara ce, kaurin rodi shawara ce, haka nan wajen da taga za ta fuskanta, da yawan ruwan da za a zuba cikin kwaɓin kankare. Mai gida ba ya ganin galibin waɗannan shawarwari, domin kafin ya tare an riga an binne su a ƙarƙashin ƙasa, ko kuwa an shafe su da filasta an bi da fenti. Shi dai iyakar saninsa ya ba da kuɗinsa, ya kuma kwantar da iyalinsa a ƙarƙashin rufin. Saboda haka abin da filin nan zai duba a wannan mako shi ne, a kan me masu zayyanar gine-gine da injiniyoyi da magina suke dogara sa'ad da suka ce a yi kaza, kada a yi kaza? Yaushe ne kuma abin da suka dogara a kai yake tashi daga hujja ya koma zato?

Ya kyautu a fara da magina na gargajiya, domin akwai masu tsammanin cewa aiki da hujja bai samu ba sai da Turawa suka zo da takarda da rula. Masallacin Juma'a na birnin Zariya ya isa ya kawar da wannan tsammani. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin wancan zamani ya san cewa azara, watau tsagin kututturen giginya, gara ba ta cika cinta ba, ya kuma san ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar da za ta ƙetara ta wuce kimanin ƙafa 6. In ana bukatar ɗaki mai faɗi, sai ya riƙa fito da azara daga jikin bango yana ɗora wata bisa wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, yana ɗaurewa da igiya yana lulluɓewa da ƙasa, har hannuwan nan biyu su gamu a sama su zama bakan gizo. Ba wanda ya rubuta masa ƙafa 6 ɗin nan a littafi. Rufin da ya lotsa da wanda ya rufta da damina su ne suka koya wa kakanninsa, su kuwa suka koya wa 'ya'yansu a bakin aiki. Watau kowane soro da ya shekara 50 a tsaye jarrabawa ce da aka ci, wanda ya faɗi kuwa jarrabawa ce da aka faɗi, kuma gari duka ya ga sakamakon.

Irin wannan hujja tana da ƙarfi ƙwarai, amma ƙarfin nata ya rataya ne a kan abu guda, shi ne kayan aikin ba su canjawa. Ƙasar ginin daga kududdufin da aka saba ake haƙo ta, magini ya murza ta a hannu ya san ko yashinta ya yi yawa. Azarar ita ce dai ta jiya. Tsawon ginin kuwa da wuya ya wuce bene guda. Sa'an nan ginin ƙasa ba ya munafunci: kafin ya gaza yakan tsage, ya zubo da ɓarɓashi, ya yi yoyo, kuma kowace shekara kafin ruwa ya sauka akan hau a duba indararo, a sake yaɓe, a bi da makuba ko laso. Wanda ya gina, ko ɗansa, shi ne ake kira gyara, don haka yana ganin kuskurensa da idonsa.

Da siminti da rodi suka shigo ƙasar nan sai wannan sarƙa ta tsinke. Wanda ya zana ginin daban, wanda ya yi lissafin ƙarfinsa daban, ɗan kwangila daban, kuma da wuya ɗayansu ya sake taka wurin bayan an miƙa makulli. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kankare ba ya nuna wa ido halinsa. Mai kyau da maras kyau, da zarar sun bushe an kware katako, kamanninsu ɗaya. Tun a shekarar 1918 wani Ba'amurke mai suna Duff Abrams ya bayyana sakamakon dubban gwaje-gwaje da suka nuna cewa ƙarfin kankare ya dogara ne ga yawan ruwan da aka zuba bisa ga yawan siminti: in ruwa ya yi yawa, ƙarfi ya ragu. Amma leburan da ke hawa tsani da kwanon sarki a ka ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa, domin ya fi daɗin zubawa, ba kuwa wanda zai dubi dakin washegari ya kama shi da laifi. Wannan ya sa aka ƙago gwaji. A ƙa'ida, duk ranar da ake zuba kankare a babban aiki akan ɗebi kaɗan daga kwaɓin a cika waɗansu 'yan akwatunan ƙarfe masu faɗin milimita 150, watau kamar inci 6, ta kowane gefe. In curin ya daskare a fitar da shi a jiƙa cikin ruwa, sa'an nan a kai ɗakin gwaji a sa a injin da zai matse shi har ya fashe, waɗansu a kwana na 7, waɗansu a kwana na 28. Adadin da injin ya nuna shi ne shaidar injiniya cewa abin da ya rubuta a takarda shi ne abin da aka zuba a ginshiƙi.

Haka al'amarin ƙasa yake. Harsashin da ya wadatar a kan marmarar Kano ba zai yi ba a kan baƙar lakar da ke wajen Tafkin Chadi a jihar Borno, wadda takan kumbura da damina ta ɗaga gini, ta tsattsage da rani ta sauke shi. Ba kuma zai yi ba a fadamun Ikko, watau Legas, inda wani wurin ma ruwa ne aka cike da yashi, sai an kafa dogayen turakun kankare sun nutsa sun tad da ƙasa mai tauri. Ba a sanin wannan daga ofis, sai an haƙa an ɗebo an auna.

Yanayin gari ma haka. Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, mutanen Ingila da suka zana gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Badun, sun yi dogayen gine-gine sirara masu bango mai huji-huji domin iska ta riƙa ratsawa, kuma a Badun, inda laima da gumi suke damun jama'a, hakan daidai ne. Wanda ya kwaso wannan zane ya kafa a Katsina ko Nguru, shi zai sha ƙurar hunturu da ƙunar bazara. Daga aikin da wani mai zayyana, Carl Mahoney, ya yi a Nijeriya ne aka sami wani jadawali da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1971, wanda ake cikawa da ma'aunin zafi da laima da ruwan sama na kowane wata a gari, shi kuwa ya nuna irin ginin da ya dace da wurin. Abin sha'awa, idan aka cika shi da ma'aunin gari mai zafi da bushewa, inda rana take ƙuna dare ya yi sanyi, abin da yake fitarwa shi ne bango mai kauri, da ƙananan tagogi, da rufi mai nauyi, da tsakar gida, watau abin da maginan Zariya da Kano suka daɗe suna yi. Duk da haka ba a rasa ofisoshi masu bangon gilashi suna fuskantar yamma a garuruwan arewa, don kawai an gani a hoto ya yi kyau a wata ƙasa, ana kuma biyan kuɗin wannan sha'awa da man janareta.

To, a ce an auna ƙasa, an gwada kankare, an bi littafin doka layi bayan layi, an kuma ɗauko injiniyan da ya fi kowa suna. Shi ke nan an tsira? Labarin wani bene da ke birnin Niyu Yok a ƙasar Amurka ya cancanci a ba da shi da ɗan tsawo, domin ya amsa wannan tambaya.

A shekarar 1977 aka gama ginin bankin Citicorp, bene mai hawa 59 da tsawon ƙafa 915. A wata kusurwa ta filin akwai tsohuwar majami'a, masu ita kuwa sun yarda su sayar ne bisa sharaɗin za a gina musu sabuwa a wannan kusurwa, kada kuma ginshiƙin benen ya ratsa ta cikinta. Injiniyan aikin, William LeMessurier, ya warware matsalar da wata dabara da ba a saba gani ba. Maimakon ya kafa manyan ginshiƙai huɗu a kusurwoyi huɗu kamar ƙafafun tebur, sai ya kafa kowane a tsakiyar gefe, tsawonsu ƙafa 114, kusurwoyin benen suka kasance a rataye bisa sarari, majami'a ta zauna ƙarƙashin ɗaya. Domin nauyin kusurwoyin ya gangaro zuwa ga ginshiƙan, sai ya jera manyan matokaran ƙarfe a karkace cikin bangon daga sama har ƙasa. Da yake kuma benen ya fito ba shi da nauyi sosai, yana iya yin rangaji in iska ta taso, sai aka ɗora wani ƙaton curin kankare mai nauyin tan 400 a can ƙololuwa, yana zamewa bisa mai, injin lantarki yana sarrafa shi, ta yadda in benen ya karkata gabas curin ya ja shi yamma.

Dokar gini ta birnin a lokacin ta bukaci a lissafa ƙarfin iskar da ke bugun bene gaba da gaba, watau wadda ta daki fuska ɗaya sak. Dalilin dokar a fili yake. Ga benen da ginshiƙansa suke a kusurwa, wannan iska ita ce mafi tsanani, in ya jure mata ya jure wa saura. An bi doka, an sami izini. Sai dai dokar ta taso ne daga sanin da aka tara a kan benaye masu ƙafafu a kusurwa, alhali wannan ƙafafunsa a tsakiya suke.

A shekarar 1978, bayan ma'aikata sun riga sun cika benen, abu biyu suka iso kunnen LeMessurier. Na farko, yana wurin shawara a kan wani gini dabam sai maganar yin walda a gaɓoɓin ƙarfe ta taso, ya buga waya ofishinsa na Niyu Yok domin ya ji yadda waldar Citicorp ta kaya, sai aka ce masa ai ba walda aka yi ba. Kamfanin da ya kawo ƙarafan ya ba da shawarar a ɗaure gaɓoɓin matokaran da ƙusoshi masu noti, domin ya fi arha, ofishin kuwa ya lissafa ya amince. Irin wannan musanya ba baƙon abu ba ne a wurin gini, kullum ana yi. Sai dai yawan ƙusoshin an ƙayyade shi ne bisa ga iskar gaba da gaba kaɗai. Na biyu kuwa tambaya ce daga wajen ɗalibai. Wata ɗalibar Jami'ar Princeton, Diane Hartley, wadda take rubuta kundin kammala karatunta a kan benen, ta yi nata lissafin ta ga cewa iskar da ta bugo ta kusurwa, ta daki fuska biyu a lokaci guda, tana ɗora wa benen nauyin da ya fi abin da ta gani a takardun aikin, ta kuwa tuntuɓi ofishin injiniyoyin. Shi LeMessurier abin da ya tuna shi ne wani ɗalibi ya bugo masa waya yana tambayar hikimar sa ginshiƙai a tsakiya.

Mutum mai irin sunansa yana iya sallamar ɗalibi da 'yar dariya ya ci gaba da harkarsa. Shi kuwa sai ya zauna ya sake lissafin, wannan karon da iskar kusurwa. Ya tarar nauyin da ke kan waɗansu matokaran ya ƙaru da kashi 40 cikin 100, amma wanda ke kan ƙusoshin gaɓoɓin ya ƙaru da kashi 160. Mai karatu yana iya mamakin yadda 40 ta haifi 160, dalilin kuwa mai sauƙi ne. Iska tana jan gaɓa ta rabu, nauyin benen yana danne ta, ƙusoshi kuwa abin da ya rage tsakanin biyun suke riƙewa. A misali, in iska tana ja da ƙarfin 100, nauyi yana dannewa da 75, rabon ƙusoshi 25 ne. In jan iskar ya koma 140, nauyin benen yana nan a 75 ɗinsa, rabon ƙusoshi ya zama 65. Da walda aka yi kamar yadda aka zana tun farko, gaɓar tana da rarar ƙarfin da za ta shanye wannan ƙari ba wanda ya sani. Watau dokar ita kaɗai ba ta jawo haɗari ba, musanyar ita kaɗai ma ba ta jawo ba. Gamuwarsu ce ta jawo, kuma ba wanda aka ɗora wa duban wurin gamuwar.

LeMessurier bai tsaya ga lissafinsa ba. Ya tafi Kanada, Jami'ar Western Ontario, wurin Alan Davenport, wanda ɗakin gwajinsa ne ya auna ƙaramin samfurin benen a gaban manyan fankoki tun lokacin zane. Amsar da ya samo a can ta ƙara masa damuwa, domin iskar gaske ba turawa take yi a hankali ba, bugu take yi tana saki, tana iya sa ƙarfe ya yi ta makyarkyata. Ya haɗa wannan da tarihin iskar birnin, ya bi benen hawa bayan hawa, ya gano cewa gaɓa mafi rauni tana hawa na 30. In curin kankaren nan na sama yana aiki, guguwar da za ta iya tsinka gaɓar irin wadda akan yi sau ɗaya ce cikin shekara 55. In kuwa wutar lantarki ta ɗauke, abin da guguwa ta saba jawowa, lissafin ya sauko zuwa sau ɗaya cikin shekara 16. Wannan ba ya nufin sai an shekara 16 kafin ta zo. Ma'anarsa ita ce kowace shekara kamar a jefa ƙuri'a ce mai tsinke 16, guda daga ciki na halaka. Lokacin guguwar teku kuwa ya riga ya kama.

Ya san cewa in ya buɗe baki ana iya maka shi a kotu, sunansa ya zube, kamfaninsa ya karye. Duk da haka ya je ya gaya wa mai zayyanar benen, Hugh Stubbins, da shugabannin bankin, da hukumar birnin. Daga watan Agusta masu walda suka riƙa shiga da dare bayan ma'aikata sun tashi, suna liƙa faifan ƙarfe mai kaurin inci 2 a kan gaɓoɓi fiye da 200, kafin gari ya waye an share wurin. Aka kawo janareta na ko-ta-kwana domin kada curin ya tsaya, aka maƙala na'urorin da ke auna motsin ƙarafan, aka ɗauki masu hasashen yanayi, aka kuma tsara yadda za a kwashe mutanen unguwar tare da 'yan sanda da ƙungiyar agaji ta Red Cross. Ranar 1 ga Satumba wata guguwa da aka sa wa suna Ella ta doso birnin ana tsakiyar gyara, sa'an nan ta karkata ta nufi teku. A watan Oktoba aka gama aikin.

Ana koyar da wannan labari a makarantun injiniya a matsayin misalin riƙon amana, kuma ya cancanta. Amma akwai gefen da ba a cika jaddadawa ba. Sanarwar da aka ba jama'a a lokacin ta sassauta maganar ƙwarai, manyan jaridun birnin kuwa suna yajin aiki, don haka cikakken labarin bai fito ba sai a 1995, da mujallar New Yorker ta buga shi. Shekara 17 ke nan sauran injiniyoyin duniya ba su amfana da abin da aka gano ba, dubban mutanen da ke aiki a benen kuma ba a ba su damar zaɓar ko su zo ko su zauna gida ba. A nan soron da ya rufta a cikin birni ya fi benen amfani ga sana'a, domin shi ba ya ɓoyuwa.

Har wa yau labarin bai ƙare a nan ba. A 2019 waɗansu masu bincike na hukumar ma'auni ta gwamnatin Amurka sun sake nazarin bene mai irin wannan siffa da ma'aunin iska na zamani da kwamfuta, suka ce a nasu lissafin iskar kusurwa ba ta kai ta gaba da gaba tsanani ba. In haka ne, mai yiwuwa haɗarin bai kai yadda LeMessurier ya ji tsoro ba. Wannan ba ya zubar da shawarar da ya yanke. Da abin da ke hannunsa a 1978 ya yi hukunci, kuma cikin kuskure biyu da zai iya yi, ya zaɓi wanda ake biya da kuɗi.

Shekara 3 bayan gyaran Citicorp aka ga abin da yake faruwa in ba a sami mai sake lissafi ba. A otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas akwai waɗansu gadojin tafiya a rataye cikin babban zaure, ta hawa na 4 tana bisa kan ta hawa na 2. A zanen farko dogon sandan ƙarfe guda ne zai sauko daga rufi ya ratsa ta sama ya ci gaba ya riƙe ta ƙasa. Masu ƙera ƙarafan suka ga hakan zai ba da wuya, suka raba sandan biyu, ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A takarda bambancin ɗan taƙi ne. A aikace kuwa bambanci ne tsakanin mutum biyu da suka rataya a igiya guda kowa ya kama da hannunsa, da kuma a ce na ƙasa ƙafar na sama ya kama. Nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama ya ninka. Ranar 17 ga Yuli 1981, ana taron rawa, gadojin suka rufto, mutum 114 suka rasu. Bincike ya nuna ko zanen farkon ma bai cika sharaɗin doka ba, injiniyoyin da suka sa hannu a takardun kuwa aka karɓe musu lasin.

A Nijeriya hukumomi da dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai majalisar rajistar masu zayyanar gine-gine tun 1969, da ta injiniyoyi, watau COREN, tun 1970, da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi tun 1978, da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006. Inda gizo yake saƙa shi ne bakin aiki, sa'ad da ɗan kwangila ya ce rodin da aka rubuta ya yi tsada, ga wani da ya ɗan fi shi sirantaka, ai duk ɗaya ne. Ko mai gida ya ga kuɗi sun shigo ya ce a ƙara hawa biyu, tun da ga maƙwabcinsa ya ƙara bai faɗi ba. Ginin maƙwabci ba shaida ba ce, domin ba wanda ya san abin da ke cikin ginshiƙansa, ba kuma wanda ya san ko gobe zai kwana a tsaye. Mai gidan da yake son ya san matsayinsa yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa takardar gwajin ƙasa, da sakamakon curin kankare na kowane hawa, da sa hannun injiniya a kan duk wani canji da aka yi wa zane bayan an sami izini. Injiniyan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, shi ma kariya ce gare shi.

Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a birnin Ikko ya zube, mutum fiye da 40 suka rasu, har da mai ginin kansa. Shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar ya shaida wa manema labarai cewa izinin hawa 15 aka bayar. Bayan haka ne jaridu suka buga wata takarda da kamfanin injiniyoyin da ya fara lura da aikin ya rubuta wa mai ginin tun a watan Fabrairu 2020, inda ya ce ya janye hannunsa, ya nemi a cire sunansa daga allon aikin. A cikin takardar kamfanin ya bayyana cewa iyakar abin da zai iya tsayawa a kai shi ne sashen da ya lura da shi da kansa, shi ma da sharaɗin kankaren ya kai ƙarfin da aka rubuta, abin da ya ce a tabbatar ta hanyar gwajin curi a kowane mataki. Tsakanin rubuta wannan takarda da zubewar benen wata 20 ne da 'yan kwanaki, kuma cikin waɗannan watanni an ci gaba da ɗora hawa a kan hawa.